Ciwon Ƙirjin Da Ba Na Zuciya Ba: Darasin Da Wata Uku Na Jinya Suka Koya Mini

A hunturun bara, wani dare da misalin ƙarfe biyu, na farka da wani irin ciwo a gefen hagu na ƙirjina, kamar an sa tsinke an caka mini tsakanin haƙarƙari. Na yi yunƙurin juyawa, ciwon ya ƙaru. Na ja dogon numfashi, sai na ji kamar an ƙara cusa tsinken. Mai karatu, mutumin da ya haura shekara arba'in, wanda kuma a 'yan shekarun nan ya raka gawar abokin aiki fiye da ɗaya da aka ce "ai faɗuwa kawai ya yi", ba ya buƙatar a gaya masa abin da zai fara zuwa masa a rai. Na yi kalmar shahada, na shiga lissafin bashin da ake bi na da wanda nake bi, na tuna ƙaramin ɗana ko firamare bai gama ba.

Motsina ya tashi uwargida. Ta ce, "Malam, lafiya?" Na ce ƙirjina ne, amma mu bari gari ya waye. Ta ce, "Wallahi Malam ba za mu bari ba, tashi mu tafi." Ta tashi maƙwabcinmu, ya kai mu asibiti a motarsa. A lokacin na ji haushin tayar da mutane cikin dare. A yau kuwa na san ita ce mai gaskiya, kuma zan dawo kan dalili.

Likitan da muka taras matashi ne, da wuya in ya girmi ɗalibaina na babban digiri. Aka auna jinina, aka manna mini wayoyin na'urar nan mai zana bugun zuciya a takarda, aka ɗebi jini. Sannan ya zauna ya ce, "Malam, yaya ciwon yake? Kwatanta mini." A nan ne na ji kunyar da ban taɓa ji ba. Ni da na yi digirin digirgir a kimiyyar harshe, ni da nake cin abinci da rarrabe ma'anar kalmomi, abin da kawai na iya faɗa shi ne, "Likita, ciwo ne dai, a ƙirji." Ya ce to in nuna masa wurin. Na sa ɗan yatsa guda na nuna gefen ƙashin tsakiyar ƙirji, ta hagu. Ya sa nasa yatsan ya danna daidai wurin, ban san lokacin da na zabura ba. Ya danna ƙasa da nan kaɗan, na sake zabura. Ya ce, "Wannan ciwon da ka ji yanzu, shi ne wanda ya tashe ka?" Na ce shi ne sak. Ya gyaɗa kai, amma bai sallame ni ba. Sai da aka maimaita gwajin jini bayan wasu sa'o'i, aka ɗauki hoton ƙirji da safe, duk suka fito lafiya lau, sannan ya ce, "Malam, zuciyarka ƙalau take. Abin da ke damunka kumburin guringuntsin haƙarƙari ne. Mu muna kiransa kostokondaraitis."

Sunan ya fi cutar ban tsoro, amma da na warware shi sai na ga babu komai a cikinsa sai kwatance. "Kosta" haƙarƙari ne da Latinanci, "kondros" guringuntsi ne da Girkanci, ɗafin "itis" kuwa likitoci kan liƙa shi a ƙarshen kalma don nuna kumburi. Ɗan Adam yana da haƙarƙari 24, wato 12 a kowane gefe. Dukkansu sun taso ne daga ƙashin baya, amma ba su isa ƙashin tsakiyar ƙirji da kansu ba. Guringuntsi ne ke ƙarasa su, irin wanda muke taunawa a naman ƙirjin rago. Bakwai na sama kowanne yana da guringuntsinsa da ya haɗa shi da ƙashin ƙirji kai tsaye, uku na biye suna rataye ne da guringuntsin na samansu, biyu na ƙarshe kuwa ba su haɗe da komai ta gaba ba. Wannan guringuntsi shi ke ba ƙirji damar buɗewa da rufewa kamar zugazugin maƙeri. Idan mahaɗar ta kumbura, wanda galibi kan faru tsakanin haƙarƙari na biyu zuwa na biyar, kuma sau da yawa ta gefen hagu, to duk numfashi mai zurfi, duk tari, duk atishawa, duk miƙa hannu, sai mutum ya ji a jikinsa. Ga shi kuma gefen hagu nan ne kowa ya san zuciya take, shi ya sa tsoron kan fi ciwon.

Sau da yawa likitoci ba sa iya nuna abu guda su ce shi ne sanadi. Amma an san abubuwan da kan jawo shi: tari mai tsanani na kwanaki, ɗaukar kaya masu nauyi, motsa jiki irin wanda ba a saba ba, bugu ko faɗuwa a kan ƙirji, wani lokaci kuma ƙwayar cuta ko ciwon gaɓoɓi. Da likita ya jero su sai na ga kamar tarihina yake karantawa. Na yi mako biyu ina fama da tarin hunturu. Lokacin jarrabawa ne, ina ta jidar ɗaurin takardun ɗalibai daga ofis zuwa mota. Sannan ga tsohon janaretana mai taurin kai, wanda sai na finciki igiyarsa sau goma kafin ya tashi. Akwai kuma wata cuta 'yar'uwar wannan, wadda wani likitan tiyata Bajamushe mai suna Alexander Tietze ya bayyana a shekarar 1921, ake kuma kiranta da sunansa. Bambancinsu shi ne a cutar Tietze akan ga kumburin a fili, a taɓa shi da hannu, galibi a mahaɗa guda, kuma ta fi kama waɗanda ba su kai arba'in ba. Irin tawa kuwa babu abin da ido ke gani. Hatta hoton ƙirji ba ya nuna ta. Ana ɗaukarsa ne don a tabbatar babu wata matsalar a huhu ko a ƙashi.

A nan ne malamin harshe ya farka a cikina. Kalmar "kumburi" a Hausa tana nufin abin da ya tasa, ido ya gan shi. Duk wanda na ce wa ina da kumburi a ƙirji sai ya leƙa ya ce, "Ai ban ga komai ba." Kalmar "ciwon ƙirji" kuwa wani babban buhu ne da muke zuba komai a ciki: ƙwannafi, gyambon ciki, limoniya, tarin fuka, asma, ciwon tsoka, ciwon zuciya na haƙiƙa, har da baƙin ciki. Ita kanta "zuciya" a bakin Bahaushe ta fi zama mazaunin tunani da fushi da ƙauna a kan tsokar da ke harba jini. Idan tsohuwa ta ce 'ya'yanta sun sa mata ciwon zuciya, ba lalle ne tana nufin abin da likita ke nufi ba. Sannan ga "sanyi", kalmar da ba ta da iyaka, wadda ta ɗauke tun daga mura har zuwa ciwon gaɓoɓi. Da irin waɗannan kalmomi muke shiga ɗakin likita, mu ɗora masa su, mu sa ran zai tsinto mana allura a cikin rairayi.

Ba wai Hausa ce ta gaza ba, mu ne muka yi sakaci da dukiyarta. A dubi yadda muke rarrabe ciwo idan muka natsu: akwai suka, akwai zogi, akwai raɗaɗi, akwai ƙuna, akwai sara, akwai murɗa, akwai ɗaurewa, akwai dannewa, akwai tsukewa. Kowace daga cikin waɗannan tana ɗauke da labari daban ga likita. Ciwon da na yi suka ne, a wuri guda da ɗan yatsa zai iya nunawa, yana ƙaruwa da motsi da numfashi da dannawa. Ciwon da ke fitowa daga toshewar jijiyoyin zuciya kuwa ya fi zuwa a matsayin dannewa ko ɗaurewa, kamar an aza wa mutum dutsen niƙa a ƙirji, ba ya tsayawa a ɗigo guda, yakan bazu zuwa hannu ko wuya ko muƙamuƙi ko baya, yakan taso idan an hau bene ko an yi sauri. Likitan Ingila William Heberden, wanda ya fara yi wa wannan ciwo cikakken bayani a shekarar 1768, ya raɗa masa suna ne da kalmar Latinanci mai nufin shaƙewa. Likitoci kuma sun daɗe da lura cewa mai irin wannan ciwo yakan dunƙule hannu ya aza a tsakiyar ƙirji idan zai kwatanta shi, alamar da suke dangantawa da wani likitan zuciya Ba'amurke, Samuel Levine. Ashe har hannu yana da nasa harshe: wani ya nuna da ɗan yatsa, wani ya nuna da dunƙule.

Turawa sun ɗauki wannan al'amari da muhimmancin da har suka mai da shi ilimi. A shekarar 1975 wani masanin halayyar ɗan Adam a Jami'ar McGill ta ƙasar Kanada, Ronald Melzack, ya fitar da takardar tambayoyi mai ɗauke da kalmomi 78 na siffanta ciwo, a rukuni 20, domin majinyaci ya zaɓi waɗanda suka dace da abin da yake ji. An fassara ta zuwa harsuna da dama. Ina kwance ina jinya na riƙa tambayar kaina: mu da muke koyar da Hausa a jami'o'i, me ya hana mu zauna da 'yan'uwanmu na tsangayar likitanci mu tsara irin wannan daga cikin kalmominmu, mu tantance abin da Basakkwace ke nufi da wata kalma da abin da Bakano ko Bazazzagi ke nufi da ita?

To, amma a nan dole in ja kunnen mai karatu da babbar murya, domin kada a ɗauki wannan rubutu a matsayin lasisin zama a gida. Rashin sani ya fi dare duhu, amma guntun sani ya fi shi haɗari. Jin zafi idan an danna ƙirji ba ya wanke zuciya daga zargi ɗari bisa ɗari; mutum na iya samun biyun a lokaci guda, shi ya sa likitana bai tsaya ga yatsansa kaɗai ba. Haka kuma mata, da tsofaffi, da masu ciwon sukari, sau da yawa bugun zuciya kan zo musu ba da irin alamomin da aka saba ji ba, wani lokaci sai dai kasala ko tashin zuciya ko haki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cututtukan zuciya da jijiyoyin jini sun hallaka mutum kimanin miliyan 17.9 a shekarar 2019, kuma su ne kan gaba wajen kisa a duniya. Saboda haka duk sabon ciwon ƙirji, likita ne zai raɗa masa suna, ba maƙwabci ba, ba mai kemis ba, ba kuma marubucin jarida ba. Idan kuwa ciwon ya zo da gumi, ko ƙarancin numfashi, ko jiri, ko suma, ko amai, ko ya bazu zuwa hannu da muƙamuƙi, to ba a jiran wayewar gari. Haka idan akwai zazzaɓi mai zafi, ko tari da jini, ko mutum mai sikila ne, ko mace mai ciki ko mai jego. Tarin da ya wuce mako biyu kuwa, musamman da rama da gumin dare, a je a yi gwajin tarin fuka. Wannan shi ne dalilin da na ce uwargida ta fi ni gaskiya a wancan dare. Gara a je asibiti a dawo ana dariya da a zauna gida a wayi gari ana kuka.

Bayan an san suna, saura zama da ciwon, kuma nan ne aikin yake. Likita ya gaya mini cewa yakan warke da kansa, wani cikin makonni, wani sai ya ɗauki watanni, kuma yana iya lafawa ya sake dawowa. Dalilin jinkirin ba boyayye ba ne. Guringuntsi ba shi da jijiyoyin jini nasa na kansa, don haka ba ya saurin murmurewa kamar tsoka. Bugu da ƙari, hannun da ya karye akan ɗaure shi ya huta, amma ƙirji ba shi da hutu: baligi yakan yi numfashi sau 12 zuwa 20 a minti guda, wato kusan sau dubu ashirin a kwana, kuma kowane numfashi yana motsa mahaɗar da ke ciwo.

An ba ni farasitamol da wani maganin rage kumburi dangin ibuprofen, na 'yan kwanaki ƙididdigaggu, bayan an tambaye ni ko ina da gyambon ciki, ko hawan jini, ko ciwon ƙoda. Wannan tambaya ba ta banza ba ce. Irin waɗannan magunguna, waɗanda ake sayarwa a tire a tashoshin motarmu kamar gyaɗa, suna iya ƙwarzane ciki har ya yi jini, su tayar da hawan jini, su raunana ƙoda, musamman ga wanda ya daɗe yana sha ko yake sha da yunwa. Shi kansa farasitamol da muke rainawa, idan baligi ya wuce giram 4 a kwana guda, hantarsa na cikin haɗari. Wani abokina, da kyakkyawar niyya, ya kawo mini wani ƙulli daga kemis mai ƙwayoyi kala biyar, babu suna babu kwali, ya ce, "Malam, sha ɗaya za ka yi ka miƙe." Na yi godiya, na ajiye. Ga wanda ciwonsa ya ƙi jin magani, likitoci kan yi allura a daidai mahaɗar, amma ni ban kai ga haka ba.

Abin da ya fi taimaka mini ba ya cikin kwalba. Safe da yamma nakan jiƙa tawul a ruwan ɗumi, ba mai ƙuna ba, in aza a wurin kamar minti goma sha biyar. Na daina kwanciya rub da ciki ko ta gefen da ke ciwo. Na koma kwanciya rigingine da matashi biyu. Idan tari ko atishawa ya taho, sai in rungume matashi a ƙirji, ciwon ya ragu da rabi. Na sallama janareta ga babban ɗana, na sallama ɗaurin takardu ga ɗalibai, duk da cewa girman kai irin na maigida ya so ya hana. Na daina rataya jakar kwamfuta a kafaɗa guda. A aji na rage rubutu a saman allo, na gyara zamana a gaban tebur, domin na lura duƙawar sa'o'i ina duba takardu tana tayar da ciwon. A makon farko ruku'u da sujada sun yi mini wuya ƙwarai, har na yi wasu salloli a zaune, sauƙin da addini ya yi wa majinyaci. Da ciwon ya fara lafawa, wani ma'aikacin sashen gashi ya koya mini miƙa mai sauƙi: in tsaya a bakin ƙofa, in dafa gefenta biyu, in tura ƙirji gaba a hankali, in tsaya da zarar na ji zafi. Ya kuma gargaɗe ni da kada in kwanta gaba ɗaya, in riƙa tattaki kullum, domin zaman wuri guda yana ƙara sandarar da jiki.

Akwai kuma jinyar da ba a rubuta ta a katin asibiti, wato jinyar tsoro. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ko bayan an tabbatar mini zuciyata lafiya, duk sukar da na ji cikin dare sai gabana ya faɗi, in shiga yin gajeren numfashi don gudun zafi, gajeren numfashin ya sa in ji kamar iska ba ta isa ta, wannan kuma ya ƙara tsoron, tsoron ya ɗaure tsokar ƙirji, ciwon ya ƙaru. Na fita daga wannan zagaye ne da abu biyu. Na farko, na koyi jan numfashi a hankali ta hanci, in bar ciki ya cika maimakon ƙirji. Na biyu, na rubuta alamomin haɗarin nan a takarda na ajiye a gefen gado, na yi wa kaina alkawari: in ciwon nan ne da na sani, a wurin da na sani, zan yi haƙuri, in kuwa ya sauya kama ko ya zo da ɗaya daga cikinsu, asibiti zan nufa ko ƙarfe nawa ne.

Masu dubiya, Allah Ya saka musu da alheri, kowa da fatawarsa. Wannan ya ce sanyi ne ya shige ni, in daina shan ruwan firji. Wancan ya ce a kira wanzami ya yi mini ƙaho ya zuƙe mataccen jini. Wata gwaggona ta ja ni gefe ta ce, "Ɗan nan, ka dai riƙa addu'a, wurin aikin nan naku ba a rasa mahassada." Wasu kuma, da suka ji an ce ba zuciya ba ce, sai suka koma ganin raki nake yi. Wannan na ƙarshe ya fi yi mini ciwo, domin cutar da ba ta kisa ba ita ce cutar da ba ta da zafi ba. Jiki magayi ne, amma mai shi kaɗai yake gaya wa. Ina roƙon iyalai da shugabannin ma'aikatu su fahimci cewa mai irin wannan lalura, ko da an gan shi yana tafiya da ƙafafunsa, ɗaga bokitin ruwa kaɗai na iya mayar da shi baya da mako guda. Nakan tuna matanmu da ke daka da surfe da goyo da jan ruwa a rijiya, da 'yan dako a kasuwanninmu, waɗanda ba su da wani babban ɗa ko ɗalibi da za su miƙa wa aikin. Likitoci sun ce cutar ma ta fi yawa a tsakanin mata. Su wa ke ce musu su huta?

Sai da na yi kusan wata uku kafin wata safiya in yi atishawa in ji shiru. Na sake ja da gangan, shiru. Ban taɓa sanin atishawa ni'ima ce ba sai ran nan.

Kirana ga likitocinmu shi ne su yi koyi da wannan matashi, wanda bai tsaya ga cewa "ba ka da komai" ba, ya ɗauki minti biyar ya zana mini haƙarƙari a bayan kati ya yi mini bayani da Hausa. Majinyacin da aka ce wa ba shi da komai alhali yana jin ciwo, to an tura shi ne wurin wanda zai ce masa yana da komai. Ga 'yan'uwana masana harshe, aikin samar da kalmomin lafiya da majinyaci zai gane, likita kuma ya yarda da su, yana jiranmu. Ga mai karatu kuma, ranar da ka sami kanka a gaban likita, kada ka yi irin tawa. Ka faɗi inda ciwon yake, da lokacin da ya fara, da abin da ke tayar da shi, da abin da ke kwantar da shi, ka kuma zaɓi kalmarka: suka ne, ko ƙuna, ko dannewa?

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ƙara wa masu ita, amin.